Yadda ake bin nahawun yaren C har a kai ga ma'anarsa

Ɗalibin kwamfuta, a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa yake ko a Kwalejin Hassan Usman Katsina, yakan buɗe kundin ƙa'idojin yaren C, ya haddace dokokin nahawu, ya ɗauka magana ta ƙare. Da sauran aiki. Ka ce "rijiyar Kusugu ta sha fura": malamin nahawu ba zai kama ka da laifi ba, amma duk mutumin Daura zai tambaye ka me kake nufi.

Fara da nemo dokar nahawun. Salon rubuta ta ya samo asali ne daga BNF (Backus-Naur Form), tsarin rubuta dokokin nahawu wanda John Backus ya fito da shi a 1959, Peter Naur kuma ya gyara shi don rahoton yaren kwamfuta na ALGOL 60. A wannan salon, kowane suna da ke cikin doka yana da jerin abubuwan da za su iya tsayawa a madadinsa. Ɗauki layin 3 = x; ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Za ka tarar nahawu ya yarda lamba ta zauna a hagun alamar =.

Kada ka tsaya nan. A kundin C na 2011, sashe na 6.5.16, bayan Syntax akwai Constraints, wato sharuɗɗa, sannan Semantics, wato ma'ana. Sharaɗin ya ce abin da ke hagu dole ya zama ma'ajiya da ake iya canza abin cikinta. Lamba 3 ba ma'ajiya ba ce, shi ya sa gcc, manhajar fassara C zuwa yaren na'ura, yake ƙin layin.

Mataki na gaba shi ya fi kayar da mutane, don haka a natsu. Nahawu yana faɗin abin da ya haɗu da wane, bai faɗin wanda za a fara yi. A 2 + 3 * 4 ninkawa ta fi riƙo, amsa 14. To, duba f() + g() * h(), inda f, g da h ƙananan ayyuka ne da ake kira su dawo da sakamako. An san sakamakon g da na h za a ninka, amma kundin bai ƙayyade wanda za a fara kira cikin ukun ba. In f da g suna taɓa ma'ajiya ɗaya, amsa na iya sauyawa daga wata manhajar fassara zuwa wata. Maganinsa, kira kowanne a layinsa, ka ajiye sakamakon, sannan ka haɗa.

Shi kuwa else da ya biyo if biyu, nahawu ya bar hanya biyu, bayanin ma'ana ne ya ba if mafi kusa.

Daga ƙarshe, nemi inda kundin ya ce "undefined". Layin i = i++ + 1; ya tsallake nahawu da sharuɗɗa, amma ya canza i sau biyu ba tare da tsarin gaba da baya ba, don haka kundin bai ba shi wata ma'ana ba ko kaɗan. Haɗarinsa shi ne yana iya yin aiki yau ya ƙi gobe. Saka zaɓin -Wall, mai kunna gargaɗi, duk lokacin da za ka kira gcc, zai yi maka gargaɗi a kan irin wannan layin.