Yadda ake ba majinyaci furosemide cikin kula

Furosemide, wanda aka fi sani da Lasix a asibitocinmu, yana cikin magungunan sa fitsari mafiya ƙarfi. Aikinsa yana cikin ƙananan bututun ƙoda, a daidai wurin da ake mayar da gishiri cikin jini. Idan ya hana wannan, sai gishirin ya fita cikin fitsari, ruwa kuma ya bi shi. Shi ya sa likita yake rubuta shi ga mai ciwon zuciya da ƙafafunsa suka kumbura, ko wanda ruwa ya taru masa a huhu har ba ya iya barci sai an jingina shi da matasai. Sai dai maganin yana fitar da potasiyam, wani sinadari da zuciya da tsoka suke buƙata, tare da ruwan, kuma a nan ne nauyi yake hawa kan ma'aikacin jinya.

Kafin a ba da shi, a auna jini da bugun zuciya, sannan a duba sakamakon gwajin jini na baya-bayan nan. Idan potasiyam ya gaza milimol 3.5 a kowace lita, ko jinin majinyacin ya sauka, a dakata a sanar da likita. Wannan ya fi zama wajibi ga mai shan digoxin, wani maganin ciwon zuciya, domin ƙarancin potasiyam yana sa digoxin ya yi wa jiki illa, har a ga amai, gani ya dushe, bugun zuciya ya rikice.

Ƙwayar tana fara aiki cikin kusan awa ɗaya, ta yi kamar awa 6, saboda haka da safe ake ba da ita. Idan sau biyu aka rubuta, ta biyun ta zama da rana, don kada dattijo ya kwana yana zarya zuwa banɗaki cikin duhu har ya faɗi. Allurar jijiya kuwa cikin minti 5 take kamawa, kuma a hankali ake tura ta, kada a wuce miligiram 4 a minti ɗaya. Gaggawa a wannan wuri tana iya yi wa ji illa, musamman idan majinyacin yana karɓar gentamicin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, don haka duk wanda ya ce kunnensa yana ƙara, a ɗauki maganarsa da muhimmanci.

A ganina babu abin da ake yi wa sakaci kamar sikeli, alhali shi ne yake nuna ko maganin yana aiki. A auna nauyin majinyaci kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin ya karya, a kan sikeli ɗaya kuma da tufafi iri ɗaya, domin kilo ɗaya daidai yake da kusan lita ɗaya ta ruwa. A rubuta abin da ya sha da abin da ya fitar. Idan fitsarin babban mutum ya gaza mililita 30 a awa, ko ya fara kukan jiri, bushewar baki da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa, a kai rahoto. A koya masa ya zauna a bakin gado tukuna kafin ya miƙe.

Ranar sallama, a zauna da shi da mai jinyarsa a yi batun gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Ga mai jego da ciwon zuciya ya kama bayan haihuwa, wanda ake yawan gani a Kano da Zariya, sai an yi wa iyaye bayani cikin ladabi cewa kunun kanwa yana ƙara mata gishirin da ake ƙoƙarin fitarwa. A gargaɗe su kan sayen magungunan rage ciwo irin su ibuprofen ko diclofenac a kemis, domin suna rage ƙarfin maganin, suna kuma wahalar da ƙoda. Wanda aka haɗa wa da spironolactone, wani maganin sa fitsari, kada ya sha ƙarin potasiyam sai da izinin likita, saboda shi wannan riƙe potasiyam yake yi. Idan nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, a dawo asibiti tun kafin ranar da aka sa.