Kurakuran masu shuka dankalin turawa a lambun gida

Da yawa daga cikin masu ɗan lambu a gida suna ɗauka dankali dankali ne. Sai an haƙo shi, an zuba a tukunya ya dagargaje, ko an soya ya fito lagwaf yana tsiyayar mai, sannan a hau zargin ƙasa ko taki. Ƙasa ba ta yi laifi ba. Tun ranar zaɓen iri aka ɓata rawa da tsalle.

Dankali ya samo asali ne daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, kuma Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima, babban birnin Peru, tana ajiye da nau'i fiye da 4,000. Mai girki dai kashi biyu ya kamata ya sani. Akwai mai gari, wanda sitacinsa ke da yawa, ruwansa kaɗan: Russet Burbank, King Edward, Maris Piper. Wannan na suya ne, da gashi, da wanda za a murje. Akwai kuma mai danƙo, irin su Nicola da Charlotte, wanda ko ya daɗe a wuta yana nan da siffarsa, shi ya dace da romo da haɗin salak. Desiree mai jan ɓawo da Yukon Gold mai rawayan ciki suna tsakiya, kowane aiki suna taɓukawa. Ni da za a ce in ɗauki ɗaya tak, Desiree zan ɗauka, don yana jure ƙarancin ruwa fiye da da yawa daga cikinsu.

Gyaran kuskuren shi ne ka tambayi kanka me ka fi dafawa kafin ka nemi iri. In kuma an ba ka dankalin da ba ka san sunansa ba, narka gishiri kamar giram 120 a lita ɗaya ta ruwa, ka jefa shi. Mai gari nutsewa yake yi, mai danƙo kuwa sai ya taso sama.

Sai kuskuren shuka ragowar dankalin cefane. Na taɓa yi. Na ga ƙwaya biyar masu kyau a kwando, na binne su, na yi ta ban ruwa mako uku, da na tona sai wari ya tare ni. Dankalin ci sau da yawa ana sa masa maganin hana tsiro, kuma ko ya tsira yana iya ɗauke da cutar da ido ba ya gani, wadda ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa. Nemi iri tantacce. Mai girman ƙwan kaza a shuka shi ɗungurungum. Babba a yanka, kowane yanki da ido biyu, a bar shi kwana biyu a inuwa wurin yankan ya bushe.

Wasu ba sa duba kwanakin nuna. Ɗan wuri yana yi a kwana 70 zuwa 90, mai jinkiri yakan haura 120. Dankali ɗan sanyi ne, ya fi zuba 'ya'ya idan ɗumin ƙasa na tsakanin digiri 15 da 20, idan ya doshi 30 kuma sai ya kusan tsayawa cik. Wanda sanyinsa gajere ne, ɗan wuri ne nasa, komai son da yake wa Russet Burbank mai jinkiri.

Taki ma ana wuce gona da iri. Ka ga ganye ya yi shar har gwiwa, mai lambu yana ta murna, ranar haƙa a tarar da 'yan ƙwayoyi kamar goriba ba ta nuna ba. Takin da ke sa ganye ne ya yi yawa. Ruɓaɓɓen taki tun kafin shuka ya wadatar. Toka da yawa kuma tana jawo ƙazuwar ɓawo, a yi hattara da ita.

Kada a cunkusa: santimita 30 tsakanin tushe da tushe, 60 zuwa 75 tsakanin kunya da kunya.

Rashin tara ƙasa a gindi shi ne ya fi ba ni haushi, don aikin minti kaɗan ne. 'Ya'yan dankali kusa da sama suke fitowa, duk wanda rana ta gani zai yi kore, kuma koren nan yana tafe da guba mai ɗaci da ake kira solanin, wadda dahuwa ba ta kashewa. Da tsiro ya kai tsawon tafin hannu da rabi, a ja ƙasa a rufe gindinsa, bayan mako biyu ko uku a sake.

Idan ka ga baƙin tabo a ganye da farin hunhuna a ƙarƙashinsa lokacin laima, kada ka ce bari mu gani. Cutar da ta cinye dankalin ƙasar Ailan ke nan daga 1845, har aka yi yunwar da ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya. Yanke ganyen duka, fitar da shi daga lambu. A riƙa ban ruwa a gindi, ba a kan ganye ba, kuma kada a maimaita dankali a fili ɗaya sai bayan shekara uku. Tumatir da barkono ma danginsa ne, ba su zama canji. Inda cutar ta zama 'yar gida, nau'in dankalin Sarpo Mira yana da juriya sosai.

Ɗan wuri ana haƙarsa a ci nan take. Na ajiya kuwa sai ganye ya mutu, a ƙara masa mako biyu a ƙasa ɓawo ya yi ƙwari. Murza shi da babban yatsa: in fatar ta saluɓe, bai isa ba. Kada a wanke, a karkaɗe ƙasar kawai, a zuba a buhun da iska ke shiga, a wuri mai duhu da sanyi. Firji yana mai da sitacinsa sukari, shi ya sa wanda ya kwana biyu a ciki yake yin baƙi a kasko tun cikinsa bai dahu ba.