Yadda Ake Sarrafa Injin Ɗaga Ma'aikata Mai Dogon Hannu Cikin Aminci

Injin da ke ɗaga ma'aikaci a cikin kwando a ƙarshen dogon hannu, wanda ake amfani da shi wajen gyaran fitilun titi da fentin dogayen gine-gine da sare rassan itatuwa, yana da wata ɗabi'a da ya wajaba mai hawansa ya sani tun farko, wato ƙaramin motsi a ƙasa yakan zama babban motsi a sama. Idan taya ɗaya ta faɗa ɗan ramin da bai wuce taƙi ba alhali hannun yana miƙe mita 20, kwandon zai fizga da ƙarfin da zai iya cilla mutum waje kamar yadda danƙo ke harba tsakuwa. Saboda haka mafi yawan aikin kiyaye rai ana kammala shi ne kafin a taka kwandon.

Bai halatta wanda ba a horar ba ya taɓa injin, kuma iya tuƙa mota ko tarakta ba ya wadatarwa. IPAF, ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu harkar irin waɗannan injina, tana ba waɗanda suka ci jarrabawarta katin shaida mai aiki na shekara 5, amma ko mai katin yana buƙatar ya karanta littafin injin da ke gabansa, domin kowane samfuri da nasa tsarin madannai. Kowace safiya a zagaya injin a duba tayoyi, da tiyon man haidurolik ko yana yoyo, da fil-fil na gaɓoɓin hannu, da ƙofar kwando, sannan a gwada madannan ƙasa da ke jikin injin da jan maɓallin tsayarwa na gaggawa kafin a gwada na sama da ke cikin kwando. Injin da aka samu da matsala a cire makullinsa, a rataya masa alamar hana amfani.

Ƙasar da injin zai tsaya a kai ita ce ta fi cancantar a ɓata mata lokaci. A taka wurin da ƙafa, a nemi ramin da aka cike kwanan nan, da murfin magudanar ruwa, da bakin kwalbati, da wurin da ruwan sama ya jiƙa, domin duk waɗannan suna iya ɗaukar mutum amma su lotsa ƙarƙashin injin mai nauyin tan da yawa. Idan hannun ya juya gefe guda, kaso mafi girma na nauyin yakan koma kan taya ɗaya ko ƙafar tokare ɗaya. Injin da ke da ƙafafun tokare a fitar da su gaba ɗaya, a shimfiɗa faranti masu faɗi da ƙwari a ƙarƙashinsu, a tabbatar ya daidaita. Akwai ƙararrawar da ke kuka idan injin ya karkata fiye da kima, kuma abin takaici ne yadda wasu ke toshe ta don ta dame su. Idan ta yi kuka, a janye hannun a sauko a hankali. A kuma killace kewayen, har da inda bayan injin ke kaiwa idan ya juya.

Daga nan sai a ɗaga kai sama. Wutar lantarki mai ƙarfi tana iya tsallakowa ta iska ba tare da an taɓa waya ba, shi ya sa OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki ta Amurka, ta ƙayyade tazarar aƙalla ƙafa 10, kimanin mita 3, daga wayar da ƙarfinta bai wuce bolt 50,000 ba, tazarar kuma tana ƙaruwa da ƙarfin wutar. A ɗauki kowace waya a matsayin mai wuta har sai kamfanin lantarki ya tabbatar ya kashe ta. Idan injin ya taɓa waya, na ƙasa kada su kusance shi. Iska ma tana da iyaka: yawancin injinan waje an ƙera su ne don iskar da ba ta wuce mita 12.5 a daƙiƙa ba, kusan kilomita 45 a awa, kuma a auna ta a sama da ma'aunin hannu, domin ta sama ta fi ta ƙasa ƙarfi. Allo ko kwanon rufi a cikin kwando yana tare iska ya ƙara haɗarin kifewa.

A cikin kwando, ma'aikaci ya sa hular kwano mai igiyar haɓa da ɗamarar kariya mai kama kafaɗu da cinyoyi, ya maƙala gajeriyar igiyarta a zoben da aka tanada a jikin kwandon. Kada ya ɗaura ta a falwaya ko ginin da yake aiki a kai, domin idan injin ya motsa za ta fizgo shi waje. Nauyin da aka rubuta a jikin kwando, wanda a injina da yawa kilo 230 ne, ya haɗa da mutane da kayan aikinsu duka. Ba a kafa tsani a ciki, ba a taka ƙarfen gefe don ƙarin tsawo, ba a kuma amfani da hannun injin wajen ɗaga kaya.

A riƙa tura sandar sarrafawa sannu-sannu, ana duban inda kwandon ya nufa, musamman sama da baya, saboda ƙarfen rufi yana iya danne mutum a kan madannai har ya kasa sakin su. Wannan ne dalilin da ya sa dole a bar mutum a ƙasa wanda ya iya sauke kwandon da madannan ƙasa ko na'urar saukarwa ta gaggawa, kuma ya gwada hakan da hannunsa kafin a fara aiki. In za a matsa da injin zuwa wani wuri, a janye hannun a sauke shi tukuna. Bayan an tashi aiki, a ajiye injin a shimfiɗaɗɗen wuri, a ja birki, a kashe shi, a cire makulli a miƙa wa mai kula da wurin.