Kurakuran da Ake Yi Wajen Raɗa wa Dodannin Wasa Sunayen Duwatsu

Duk wanda ya daɗe yana buga wasannin bidiyo ya san wannan dabarar: a zana dodo ɗaya, a sauya masa launi sau biyar, a samu dodanni biyar. Pokémon ta shigo da nata salon a wasannin Gold da Silver na 1999, inda akan yi dace da halitta mai baƙon launi sau ɗaya cikin 8,192. Da yake "jan dodo" da "shuɗin dodo" ba su da armashi a kunne, masu ƙera wasa da masu yi masa kwaskwarima sukan koma ga sunayen duwatsu masu daraja. Shawara ce mai kyau. Sai dai sunan dutse yana tafe da launinsa da danginsa da taurinsa, kuma yawanci launin kaɗai ake dubawa, shi ma sama-sama.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa kowane dutse launi ɗaya gare shi. An saba da safaya shuɗiya, irin wadda ake haƙowa a tsaunin Mambila na jihar Taraba, amma akwai rawaya, akwai koriya, akwai mai ruwan hoda. Ganet da kowa ke kira ja yana da kore shar, wanda aka gano a Tanzaniya a 1967. Topaz kuwa akasarinsa garau yake kamar ruwa, shuɗin da ya cika kasuwa sai da aka sarrafa shi kafin ya yi launin. Idan kana son sunan da zai tsaya da ƙafarsa ba sai ka ƙara masa bayani ba, nemi dutsen da launinsa daga ainihin sinadarinsa yake fitowa. Malakait kullum kore ne, azurait kullum shuɗi, saboda jan ƙarfen da ke jikinsu. Sinaba ja ce.

Wanda ya fi damuna shi ne watsi da dangi, domin a nan ne ake asarar abu mafi kyau. Rubi da safaya dutse ɗaya ne, korandam. Ɗan sinadarin kuromiyam ne ke mayar da shi ja a kira shi rubi, baƙin ƙarfe da titaniyam kuma su mayar da shi shuɗi. Jiki ɗaya, launi daban: ai wannan shi ne ainihin abin da kake yi da dodonka. To me zai sa ka tsinto suna nan, ka tsinto can, alhali ƙasa ta riga ta jera maka su gida-gida?

A ce kana da ƙaguwa mai launi shida a wasanka. Buɗe gidan beril, wato dangin duwatsun da zumurrudu ke ciki. Koriya ta zama zumurrudu, mai ruwan teku akwamarin, mai ruwan hoda moganait, rawaya heliyodo, mara launi goshenait. Ta shida, wadda ɗan wasa zai yi mako yana farauta bai gani ba, ka ba ta jan beril, wanda mai kyansa daga tsaunukan Wah Wah na jihar Utah a Amurka ake samo shi, kuma da ƙyar. Ka ga ƙarancinta a wasa ya yi daidai da ƙarancin dutsen a duniya, ba ka ƙirƙiro komai ba. Halittun da ake cin karo da su a kowane lungu kuma gidan kwaz ya ishe su: ametis mai shunayya, sitirin mai ruwan ɗorawa, da kwaz mai launin hayaƙi. Dutse ne mai arha da yawa, ya dace da ƙananan dodanni.

Sai batun tauri. Tun 1812 Friedrich Mohs ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 gwargwadon wanda ke karce wani. Daimon 10 ne, korandam 9, topaz 8, kwaz 7, fulorait 4. Idan ka sa wa babban dodo mai sulke, wanda takobi ba ya ci, sunan fulorait don kawai launin ya burge ka, ka ba shi sunan dutsen da wuƙar kicin ke yi wa zane. Gyaran ba wuya: jera dodanninka daga mai rauni zuwa gagarabadau, ka jera duwatsun a gefe, ka duba ko sun tafi tare. Ka tuna kuma tauri daban, juriya daban. Da wuya a karce daimon, amma bugu ɗaya a daidai gaɓarsa yana raba shi, yayin da jed, wanda bai kai shi tauri ba, yake da wuyar fasawa ƙwarai. Dodon da ke shan duka bai faɗi ba, jed ne sunansa.

Akwai kuma cusa abin da ba ma'adini ba cikin jerin. Obsidiyan gilashi ne daga aman dutse, amba ƙaron itace ne da ya daskare, murjani da lu'ulu'un kawa daga halittun ruwa suke. Ba laifi ka yi amfani da su, amma ka ce jerin na kayan ado ne.

Wani lokaci baƙon suna yana ba ka fiye da launi. Hematait a ido baƙi ne mai ƙyallin ƙarfe, amma goga shi a bayan tayil inda ba santsi, sai ka ga jan layi kamar busasshen jini. Baƙin kerkeci mai barin jan sawu ya samu suna ke nan. Alekzandarait kore ne da rana, ja a hasken fitila, ya dace da halittar da ke sauya kama da dare. Sai dai kar ka wuce gona da iri: sunan da ɗan wasa ba zai iya furtawa ba yana tsakiyar faɗa, zai yar da shi ya koma cewa "koren nan".

Idan kuma wasan ya riga ya fita, kar ka wayi gari ka goge tsofaffin sunaye. Mutane sun yi musaya da ciniki da su, sun rubuta jagora da su. Bar tsohon suna yana aiki a akwatin bincike, ka nuna shi ƙarƙashin sabon na wasu watanni, sannan ka fitar da jadawali ɗaya mai hoton kowace halitta da sunayenta biyu.