Kar ka kankare farin da ke ƙafar kayan gyara

Duk yaron da ya zo koyon gyaran lantarki a shagona, abin da nake fara hana shi shi ne sa reza ya kankare ƙafar kafasita ko resisto har jan ƙarfe ya leƙo. A ganinsa tsabta ce, alhali farin da yake cirewa shi ke sa solda ta kama.

Jan ƙarfe ba ya shiri da iska. Idan ya zauna a fili sai ya dushe, ɓawo ya rufe shi, solda kuma ba ta hawa wannan ɓawon, sai dai ta dunƙule a gefe. Shi ya sa a masana'anta ake tsoma ƙafafun a ruwan magani, a haɗa su da negatib, a haɗa sandar kuza da fozitib, wuta ta kwaso kuzar ta lulluɓe su. Rufin bai kai rabin kaurin gashi ba. Ita solda ma yawancinta kuza ce, don haka da sun ji zafi sai su narke su haɗe.

Kafin ka ɗauki ayan, wato ƙarfen da ake narkar da solda da shi, dubi launin ƙafar. In fara ce ta ɗan dushe, goge ta da kilina irin ta fensir, ka shafa fulaks (man da ke taimaka wa solda ta kama), ka ɗora mata solda kaɗan tukuna, sannan ka sa ta a allon na'urar. In ta yi baƙi, wataƙila azurfa ce, ita ma gogewa a hankali ta ishe ta.

Mai ruwan zinariya ita ce ke yaudarar mutane. Tana karɓar solda nan take, amma zinariyar narkewa take yi a ciki, in ta yi yawa kuma haɗin ya yi gautsi, ya tsage daga baya. Ni nakan ɗora solda, in zuƙe ta, in sake ɗora sabuwa. A ƙarƙashinta akwai nikel, shi ne ainihin abin da solda ke riƙewa.

Tsohuwar solda mai dalma tana narkewa a digiri 183, marar dalma kuwa sai wajen 217. Ina barin ayan a kusan 340, daƙiƙa 2 ko 3 a kan ƙafa, in ɗage.

Bakin ayan ɗin ma rufi gare shi, baƙin ƙarfe ne a kan jan ƙarfe. Ina sabon shiga na taɓa goge nawa da zarto, ba a daɗe ba solda ta cinye shi ya yi rami. Yanzu soso mai ɗan danshi kawai nake sa masa, in bar ɗigon solda a bakinsa kafin in kashe wuta.