Yadda ake kare doki daga ƙyashi da ƙudaje masu cizo a damina

Yawancin samarin da ke sayen doki don hawan sallah ko kilisa sun san harawa, sun san dusa da kanwa. Amma da damina ta kankama sai ka ga dokin yana ramewa alhali ba a rage masa ci ba. Yini yake yana buga ƙafa, ya kwana yana goga gindin wutsiya a jikin katanga, gezar ta kakkarye, fata ta yi kirci. Mai shi ya yi ta ɗura masa maganin tsutsa, ga abin da ke cinsa nan yana shawagi a kansa.

Masu cizon iri-iri ne. Bobuwa da rana take farauta, musamman kusa da fadama. Akwai ƙudan barga, mai kama da ƙudan gida sak, sai dai shi jini yake sha, kuma ƙafafu ya fi bi. Wanda ya fi su sharri shi ne ƙyashi, ɗan mitsitsin da bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Shi ke ɗauko cutar dawaki ta Afirka, wadda kan kashe har 9 cikin 10 na dawakin da jininsu bai saba da ita ba. Dawakinmu na gida sun fi na folo da ake kawowa daga Ajantina juriya, amma juriya ba ta hana kwanciya.

Ka fara da ƙasan barga kafin ka sayi komai. Ƙyashi a danshin ƙasar da ta gauraya da kashi yake ƙyanƙyasa, ƙudan barga kuma a ruɓaɓɓiyar ciyawar da fitsari ya jiƙa. Duba gindin turke, duba inda komin ruwa ke yoyo. A kwashe kashi safe da yamma, a kai shi nesa. Tara shi a bayan katangar barga daidai yake da barinsa a ciki. A kankare ragowar harawar da aka tattake, a zuba busasshen yashi, a yi wa wurin gangara don fitsari ya wuce. Yashi ya fi komai arha a wannan aiki, kuma ni ban yarda da bargar da ake shimfiɗa wa ciyawa a watan Agusta ba.

Sai lokaci. Ƙyashi yana tashi ne daga faɗuwar rana, ya sake yin ƙarfi da asuba. To mu kuma kilisarmu bayan la'asar ce, a dawo gab da magariba da doki sharkaf da gumi, a kai shi bakin kududdufi wanka, a ɗaure shi a waje ya sha iska. Nan ake miƙa shi ga ƙyashi. A damina ka fita da wuri ka dawo da wuri, wanka ya zama da rana tsaka, doki ya bushe ya shiga ciki kafin a kira magariba, kada ya fito sai rana ta ɗaga.

Ragar sauro ta taga ba ta tare ƙyashi, ta cikin idonta yake wucewa. Nemi mai ƙananan ido, ka riƙa fesa mata maganin ƙwari. Sai dai tana rage iska, don haka a haɗa da fanka. Ƙyashi ba shi da ƙarfin tashi, iskar fanka ma korarsa take. Mai aiki da sola ta wadatar, a ɗaure ta sama, waya kuma inda baki ba zai kai ba.

Yanzu maganin shafawa, inda na fi ganin ana kashe doki da hannu. Mutum ya shiga kasuwa ya ce a ba shi maganin kaska, a miƙo masa na shanu, ya dama ya wanke doki da shi. Karanta jikin kwalbar. In ka ga an rubuta amitraz, ajiye ta. Saniya na ɗaukarsa, doki ba ya ɗauka: yana tsayar masa da hanji. Za ka ga dokin ya yi lakwas, yana tangaɗi, kashi ya ɗauke, ciki ya kumbura, wani daga nan ba ya tashi. In an riga an shafa, a wanke shi nan take da sabulu da ruwan sanyi mai yawa, ba mai ɗumi ba, a kira likitan dabbobi tun kafin alamu su bayyana. Haka fiya-fiya da baƙin man mota, kada su kusanci fatarsa, ko wa ya ce maka ya gwada ya ga daidai.

Abin da ake amfani da shi shi ne mai permethrin, ko cypermethrin, ko deltamethrin, wanda takardarsa ta ambaci dawaki. Bi ma'aunin da aka rubuta. Ƙara ƙarfi ba ya ƙara korar ƙuda, ƙona fata kawai yake. Fara shafa kaɗan a gefen wuya ka jira awa 24, in bai tashi ba ka ci gaba. Na fi son tsumma a kan feshi, don ƙarar feshi na firgita doki, rabin maganin kuma a iska yake tafiya. Bi gindin geza, gindin wutsiya, tsakiyar ciki daga ƙirji zuwa baya, da ƙafafu. Tsakiyar cikin nan ita ake mantawa, ita ce kuwa ta fi shan cizo. Kauce wa ido da hanci da al'aura, kada kuma ka shafa a mazaunin sirdi in za ka hau ranar. Gumi da ruwan sama na wanke shi, sai an maimaita gwargwadon yadda takardar ta yarda. In akwai kyanwa a gidan a nisanta ta, permethrin guba ne gare ta. Wanda aljihunsa bai kai ba ya sirka man darbejiya da man gyaɗa ya shafa. Yana taimakawa, amma ba ya daɗewa.

Hayaƙin ganyen darbejiya da magariba yana da amfani, a waje, ta inda iska ke shigowa, nesa da harawa. Kada a turnuƙe doki da shi a ɗaki, huhunsa ba ya so. Kada a yanke wutsiya ko makwarkwaɗar gashin goshi don ado a wannan lokaci, da su yake kare kansa. Kowane ƙaramin rauni a wanke a rufe da man shafawa, don ƙuda na mai da shi gyambo.

Ka sayi ma'aunin zafi, ka auna ta dubura kowace safiya daga Agusta zuwa Oktoba. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Celsius. In ya haura 39, ko ramin saman idonsa ya cike ya kumbura, ko numfashi ya yi nauyi da kumfa a hanci, a daina hawansa, a sa shi cikin raga shi kaɗai don kada ƙyashi ya ɗebi jininsa ya kai wa sauran, a nemo likita a ranar. Zancen rigakafin cutar dawaki ta Afirka kuwa tun da bazara ake yinsa da likitan, kafin ruwan farko.