Darasi na 7: Kayan Ƙamshin Tsima Kayan Lambu

Da rani karas da albasa da kokwamba sukan yi arha, wani lokaci har su ruɓe a hannun mai lambu. Ana iya tsima su a ruwan khal (wato vinegar, ruwan tsamin nan na kwalba) da gishiri, su daɗe ba su lalace ba. A Masar da Sudan haka ake yi, a ci da wake ko burodi.

Ku fara riƙe wannan: khal da gishiri ne ke hana abin lalacewa. Kayan ƙamshi daɗi kawai suke ƙarawa. Don haka kada a rage khal saboda tsada. A duba kwalbarsa, a ga an rubuta 5%, wato ƙarfin tsaminsa. Kofi 1 na khal, kofi 1 na ruwa, babban cokali 1 na gishiri. A tafasa, amma ba a tukunyar alminiyam ba, domin tsami yana cin ta.

Kayan ƙamshin duk muna da su a gida. Tafarnuwa ce kan gaba: a ɓare ƙwaya 2 ko 3, a ɗan fasa. Idan ta koma shuɗiya ko koriya a kwalba, kada a tsorata, tsamin ne ya sauya mata launi. Ɗanyar citta a yanka ta sirara. Masoro a zuba shi da ƙwayarsa. Kanumfari kuwa a yi hattara da shi, ƙwaya 2 sun isa kwalba guda. In ya yi yawa, ba za a ji ɗanɗanon komai ba sai nasa. Mai son zafi ya tsaga attarugu guda ya jefa. Kurkum kaɗan yana ba da launin rawaya. Dakakken yaji yana gurɓata ruwan, shi ya sa ba a daka kayan ƙamshin.

Kanwa fa, ko kusa kada ta zo. Mun san yadda take kashe tsamin yakuwa a miya. Haka za ta kashe tsamin khal, kayan su ruɓe.

A wanke kwalbar gilashi da tafasasshen ruwa, a jera kayan, a zuba ruwan har ya rufe su. In ya huce a sa a firij. Inda babu firij, a yi kaɗan, a cinye cikin 'yan kwanaki. Wanda ya yi yauƙi ko fumfuna, a zubar.

Aiki: Rubuta sunayen kayan ƙamshi 4 da ke cikin darasin. Me ya sa ba a sa kanwa?